Shirun Mai Mataji

A wata makarantar sakandare da ke unguwar Mayo Gwoi a Jalingo Suhail ya fara ganin Mufida. Ya dawo hutu daga ƙasar waje inda yake bincike, aka gayyace shi ya yi wa ɗalibai bayani. Ita ce malamar kimiyyarsu.

Ya ce, "Wani ɗan siririn zare nake aiki da shi, ido ba ya ganinsa. In ka girgiza shi a hankali da lantarki, murya ɗaya yake bayarwa. In ka matsa masa ya wuce iyaka, sai muryar ta rabu gida-gida, su jeru a kwamfuta kamar haƙoran mataji."

Mufida ta ɗaga hannu kamar ɗaliba. "In an sassauta fa, yana komawa murya ɗaya?"

"Ba nan take ba. Sai an sassauta ƙasa da inda ya fara rabuwa."

Baki ne ya ba da amsa, zuciya kuwa ta riga ta tafi. Tun daga ranar take ce masa Mai Mataji, shi kuma yana ce mata Malamata.

Mahaifinta, Alhaji Abbo na Sintali, dattijon Bafulatani ne mai shanu da ƙarancin magana. Da kawun Suhail ya je neman aure, sai Alhaji ya ce, "Za mu duba."

Kowa ya san ba a yi wa "za mu duba" ta dattijo gaggawa. Amma hutu na ƙarewa, so kuma ya rufe wa Suhail ido. Ya sake tura kawu, ya tura limamin unguwarsu, ya tura har abokin cinikin Alhaji. Gwanin girgiza zare ya manta karatunsa.

Gidan su Mufida ya rabu. Goggo ta ce yaron ba shi da kunya. Wani baffa ya gabatar da ɗansa Khalifa. Uwar Mufida ta koma kuka. Alhaji Abbo ya ce, "Wanda ba shi da munyal, wato haƙuri, a ƙofar gida, ba zai yi haƙuri a cikin gida ba."

Sai ga saƙon Mufida:

"Mai Mataji, ka matsa wa gidanmu har ya wuce iyaka, kowa da muryarsa. Kai ka koya mini maganin. Ka sassauta ƙasa da inda ka fara. Kada ka turo kowa, kada ka kira ni."

"Malamata, in na yi shiru Khalifa ya ɗauke ki fa?"

"Ni ma ina wannan tsoron. Amma ban san wata hanya ba."

Suhail ya koma bakin aikinsa da zuciya a karye. Damina ta sauka a Jalingo ta ɗauke, bai kira ba. Labari yana iske shi cewa motar Khalifa kullum tana ƙofar gidan. Yakan rubuta saƙo ya goge, ya zauna yana kallon zarensa, kewa tana cin sa. Bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan shirun ba.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Suhail? Abbo ne. Jam?"

Suhail ya amsa gaisuwar da Fillanci ya ce, "Jam, Baba."

"Wancan ya cika mini kunne da hon ɗin mota. Kai kuwa na ji shirunka. Ka turo kawunka, shi kaɗai."

Aka ɗaura aure a masallacin Sintali. Da aka fito da amarya, goggo da baffa da uwa suka taru a tsakar gida, Alhaji Abbo yana addu'a, suna amsawa ɗaya bayan ɗaya.

Mufida ta ce a hankali daga cikin mayafi, "Mai Mataji, yau ma muryoyin da yawa."

Idonsa ya ciko da hawaye. "Irin su nake nema a wurin aiki, Malamata. Da yawa, amma a jere, babu mai taka wata."

Dattijon ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya bar ku tare har tsufa."

Gidan duka ya ce amin.