Muryar Hindatu a Akwatin Eko

Bayan isha'i ne Lurwanu, ɗan Kawuna, ya sake tayar da maganar. Muna tsakar gida, shi da ƙannensa mata biyu, Sa'a da Bintalo. 'Yata Mami tana barci a cinyar Sa'a.

"Yaya Nafi'u, yaushe za ka kai ni situdiyo in koyi aiki? Kuma wai mene ne a ƙarƙashin zanen nan da kuka rufe a kan kantar situdiyon?"

Na duba na ga Mami ba ta farka ba. Sannan na ce su matso, su rage murya. Abin da na faɗa musu shi ne nake rubutawa a nan, da ɗan karatun da nake da shi.

Situdiyon Oga Barau yana saman bene a Funtuwa, ƙasansa shagunan teloli. A kwamfuta muke ɗaukar waƙa. Ita kwamfutar tana da nata eko a ciki, wato amsa-kuwwar murya, danna maɓalli kawai. Oga Barau ba ya son shi. Ya ce muryar da ta bi ta nan kamar shayi ne ba madara. Yana da wani tsohon akwatin ƙarfe, ruwan toka, da ya tsinto wurin 'yan gwangwan. Maɓallan murzawa biyu, da allura a bayan gilashi.

Wayoyi biyu ne ke haɗa shi da kwamfuta. Ja, ita ke fitar da murya zuwa akwatin. Baƙa, ita ke dawo da ita. Murya ta fita a bushe, ta dawo kamar an rera ta a wani babban zaure. Kuma ba a yi masa gaggawa. Waƙar minti biyar, sai ka zauna minti biyar kana jiran ta je ta dawo.

Kafin aiki, mukan tafa hannu sau ɗaya mu tura tafin. Mu duba a allo mu ga jinkirin da ya yi a hanya, mu ja shi ya daidaita. Bai kai ƙiftawar ido ba.

Doka ɗaya Oga ya kafa mini tun ranar farko.

"Abin da ya dawo, ɗauke shi ka ajiye. Kada ka sake tura shi. Baƙar waya ba ta shiga ramin ja, ka ji ko?"

Na ce, "Lasifika za ta ƙone ne, Oga?"

Ya ce, "Da ita kaɗai ce, da sauƙi."

Kun san Hindatu, matata, Allah ya jiƙanta. Ba mawaƙiya ba ce. Wata rana da tsohon ciki ta kawo mini abinci, na lallaɓa ta ta shiga ɗakin makirfo. Ta yi dariya, ta ce, "Injiniya, ka fara ɗauka ne? Kai, kashe, kunya nake ji!" Ban kashe ba. Sai ta dafa cikinta ta rera waƙar da take yi wa abin da ke ciki. Ruwa ya sauka a kan tudu, haka ta fara. Sakan arba'in duka.

Kwana uku da haihuwa ta tafi. Ba ta ga suna ba.

Ba mu da muryarta a ko'ina sai wannan. Na ce ita zan ajiye wa yarinyar, ta girma ta san yadda uwarta ke magana.

Mami tana wata biyar lokacin. Ran Juma'a ce, rana tsaka. Kekunan teloli sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi masallaci. Oga ya leƙo ya ce, "Taso mana." Na ce ina zuwa. Ban je ba. Allah ya yafe mini.

Na buɗe muryarta. A bushe take, kamar an rufe ta a ƙaramin ɗaki. Na so in ji ta da fili, kamar tana tsakar gida. Na kunna akwatin. Na tura tafi.

Shiru.

Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sannan ya dawo.

Na ce ko waya ce ta saki. Na sunkuya zan duba, sai na ga gefen riga fara kusa da kujerata.

Dattijo ne, siriri, a tsaye. Ƙofar situdiyo tana da nauyi, tana kuka in an buɗe. Ban ji kukanta ba. A bakin ƙofa kowa ke cire takalmi. Na duba, nawa ne kaɗai.

Bakinsa ya motsa. Babu sauti. Ya rufe bakin. Sannan maganar ta iso.

"Sannu da aiki, yaro."

Na ce, "Yawwa, Baba. Ai an tafi masallaci."

Leɓɓansa suka sake motsi. Na ƙirga a zuciyata. Ɗaya, biyu, uku.

"Kai ma ba ka je ba."

Na saci kallon allo. Makirfon da ke gabansa a buɗe yake, amma layinsa kwance, ko motsi. Layin baƙar waya ne ke tsalle duk lokacin da ya yi magana.

Bintalo ta riƙe hannun Sa'a. Lurwanu ya ce, "Yaya, ba ka gudu ba?"

Na ce masa ƙafafuna ba su ba ni shawarar ba.

Dattijon ya nuna akwatin da haɓa. "Zaurenmu ne wannan. Kullum kuna turo mana baƙi, su wuce ta tsakiyarmu, mu mayar muku. Ba mu taɓa riƙe na kowa ba." Ya dubi allon. "Turo ta."

Na tura. Allura ta ɗaga. Hindatu ta dawo mini da faɗi, da iska, kamar tana bayan labule. Hawaye suka zubo mini a kan maɓallai.

"Kaɗan ke nan," in ji shi. "Tana da sauran magana. Ba kwa barin baƙo ya zauna. Juya wayar. In ta dawo ta sake komawa, ta yi ta zagayawa. Za ka ji abin da ba ta samu faɗa ba."

Na san dokar. Wallahi na tuna fuskar Oga. Amma wanda ya yi wata biyar yana magana da filo, in aka ce masa za a amsa, ba ya jin doka.

Na zare baƙar waya. Na raba ta, ɗaya zuwa kwamfuta, ɗaya cikin ramin ja.

Ya kamata lasifika ta yi ƙara mai tsaga kunne. Ba ta yi ba. Ɗakin ne ya yi sanyi.

Zagayen farko, waƙar ce kawai. Na biyu, bayan waƙar na ji numfashi. Na uku, ta ce:

"Injiniya."

Na ce, "Na'am." Muryata ta karye.

"Ka rame."

"Hindatu, ke ce?"

"Ina yarinyar? Ban ga fuskarta da kyau ba. Je ka ɗauko ta. Sa bakinta a makirfo, in ji kukanta sau ɗaya."

Na miƙe. Makullin babur yana hannuna. Gida minti goma ne. Dattijon ya matsa gefe ya ba ni hanya, yana murmushi.

"Yi sauri," in ji muryar. "Kawo mini Zulaihatu."

Hannuna yana kan ƙofa na tsaya.

Ba sanin sunan ne ya tsayar da ni ba. Ita ta zaɓe shi, sunan mahaifiyarta ne. Daren da ta zaɓa, ko a kunnena ba ta iya faɗa ba. Cewa ta yi, "In mace ce, ka sa mata sunan Inna. Ni Mami zan riƙa kiranta." Na tsokane ta, na ce faɗi mana in ji. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Allah ya kiyashe ni." Sunan uwarta, kuma 'yar fari. Hindatu ko a mafarki ba za ta buɗe baki ta kira shi gatsal ba.

Na juyo. A allo, muryarta ta asali tana gajarcewa. Daga ƙarshe ake cinye ta, kamar zare ana warwarewa. Talatin ta wuce. Ashirin.

Na yi a'uziyya da ƙarfi, na faɗa kan tebur, na fizge wayoyin duka biyu.

Allura ta kwanta.

Dattijon yana nan. Bakinsa ya motsa, ya daɗe yana motsi. Na jira sautin. Bai zo ba, ba hanyar da zai bi. Na ƙifta ido, babu kowa sai kafet.

Daga ƙasa na ji keken ɗinki na farko ya tashi.

Oga Barau ya shigo da darduma a kafaɗa. Ya dubi wayoyin a ƙasa, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Nawa suka bar maka?"

Na ce, "Sakan tara."

Na duba kwafin da ke wayata, da wanda ke filas ɗin kwamfuta. Duk tara. Dariyarta, da "kashe, kunya nake ji," da ruwa ya sauka a kan tudu. Daga nan shiru. Na yi ta ƙoƙarin tuna sauran waƙar. Ni da na saurare ta sau ɗari, ko kalma ɗaya babu a kaina.

Oga ne ya rufe akwatin da zane. Ya ce jefar da shi ya fi haɗari, wani zai tsinta.

Lurwanu ya ce, "To Yaya, ai an tsira. Shi ke nan ko?"

Na dubi Mami. Shekararta huɗu yanzu. Sakan taran nan nake kunna mata in ta yi rigima, ta yi dariya irin ta uwarta.

Na ce, "Sa'a, wace waƙa take yi ɗazu da kike mata wanka?"

"Ta ruwan nan mana. Ruwa ya sauka a kan tudu, tsuntsuwa ta koma gida, ɗanta na jira a ƙofa..." Sa'a ta tsaya. "Yaya, ba kai ka koya mata ba?"

 Na miƙa hannu na karɓi yarinyar, na tofe ta da addu'a, na rungume ta.

Na ce, "Lurwanu, zan kai ka ranar Asabar. Amma in an kira Juma'a, ko aikin wa ke gabanka, rufe ka sauka tare da teloli. Kada rana tsaka ta same ka kai kaɗai a benen nan. Kuma abin da ya tafi, in ya dawo maka sau ɗaya, ka gode wa Allah. Kada ka nemi na biyu."