Ƙullin Majayi

"Nafissa! Kawo wayar nan."

Baba na zaune a ƙofar zaure bayan la'asar, fuskar nan ba annuri. Saura wata biyu a ɗaura aurena da Yaya Munir, ɗan ƙanwarsa, wanda ya shekara uku a wani ɗan tsibiri na ƙasar Girka. Kuma duk garin Waca an san Baba, ƙarya ɗaya ta isa ya fasa magana, ko da an raba goro.

Na miƙa masa. Ya shiga duba hotunan da Munir ke turo min: fararen gidaje masu shuɗin ƙofa, tsohon injin niƙa mai aiki da iska, ruwan teku garai-garai, da majami'ar kan dutse da sai an hau matakala ɗari uku. Munir ya ce mana a biro yake, wato ofis, shi ke tsara wa baƙi wuraren da za su gani. Ni kuwa na cika ƙawayena da baki.

Baba ya tsaya a kan hoton wata Baturiya bisa jaki. Bai ko kalli matar ba, cikin jakin ya ƙura wa ido.

"Kira min shi."

Na karɓa na kira. Fuskar Munir ta fito, bayansa teku.

"Sanyin idona, yau ma na..."

"Baba ne!" Na katse shi da sauri.

"Kawu... ina wuni?"

"Lafiya. Jakin nan na hoto, wa ya ɗaure masa majayi?"

Ni ban gane komai ba, amma na ga gumi ya keto masa. Wallahi ji na yi kamar in fizge wayar in gudu.

"Kawu, ai masu jakai suna da yawa a nan..."

"Ban tambaye ka yawansu ba."

Munir ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ne, Kawu. Babu wani biro. Jaki nake ja, ina hawa da baƙi kan dutsen nan, sau takwas a yini. Kunya na ji... Nafissa, ki yafe min."

Kuka ya ƙwace min, na haushi da tausayi. Shekara uku yana hawan dutse, ni ina nan ina taƙama da biro!

Baba ya karɓi wayar daga hannuna.

"Ƙullin nan ni na koya maka a hanyar kasuwar Guci, kana ɗan shekara tara. Da ka sake min ƙarya yanzu, da yau kayanka sun koma gidanku."

"Kawu..."

"Ka sassauta majayin, zai ji wa dabba ciwo." Ya miƙo min wayar yana gyara hula. "Ungo mijinki. Sauran faɗan naki ne."