Ranar Allurar Levi

A Godogodo akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita kaɗai ta iya karatu a gidansu. Don haka ita ke duba wa Mama katin asibitin ƙanenta Levi.

Yarinyar nan akwai son ƙanenta! Ran da aka yi masa allurar baya, ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ita ma ta taya shi.

Wata safiya Mama na yanka citta a tsakar gida, sai ta ce, "Duba mini katin nan. Yaushe za mu koma asibiti?"

Yarinya ta duba. An rubuta Talata mai zuwa, allurar ƙyanda. Ta kalli Levi yana ta dariya, sai tausayinsa ya kama ta.

Ta ce, "Da saura, Mama. Sai bayan Kirsimeti."

Talata ta wuce, wata ma ta wuce. Kwatsam sai ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama Hussaini ɗan maƙwabta, wanda suke rarrafe da Levi a tabarma ɗaya. Idanunsa suka yi ja, ƙuraje suka rufe jikinsa.

Yarinya ta ji labarin. Abinci ma ta kasa ci.

Mama ta ce, "Ke, lafiya?"

Sai yarinya ta fashe da kuka. "Mama, ƙarya na yi. Ranar allurar ta wuce. Ba na so ya yi kuka ne."

"Wayyo Ubangiji!" Mama ta saɓa Levi a baya, ko ɗankwali ba ta ɗaura ba.

A asibiti, Sista Scholastica ta duba katin, ta dubi yarinya. Ta ce, "'Yata, kukan allura na minti ɗaya ne. Ƙyanda kuwa tana makantar da yaro, tana kisa."

Ta yi masa allurar. Ta ce a sa masa ido sati biyu, don ya yi cuɗanya da mai ciwon.

Kai, sati biyun nan sun yi tsawo! Kullum da safe yarinya sai ta taɓa goshinsa, ta leƙa bayan kunnensa ko ƙuraje sun fito.

Ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Hussaini ma ya warke.

Mama ta miƙa wa yarinya katin, ta ce, "Har yanzu ke ce idona. Abin da kika gani, shi za ki faɗa mini."

Daga ranar yarinya ta gane cewa son ƙane shi ne a kai shi allura a kan lokaci, ko da zai yi kuka.