A Cikinta Za A Kai Ni

Ummukulsum na zaune a tsakar gidansu da ke Gummi tana tsince shinkafa, Inna na gefe tana gyaran zogale, sai ga yayanta Khalifa ya faɗo ko sallama babu, yana dariya har da riƙe ciki.

"Inna, zo ki ga abin da surukinki ya sayo! Wai mota! Wallahi na aza Keke Napep ce aka sa ma ƙofofi!"

Ya miƙa mata waya. Hoton Zayyad ne, malamin sakandare a Bukkuyum, wanda aka sa ranar aurensa da Ummukulsum bayan Babbar Sallah. Yana tsaye jikin wata 'yar ƙaramar mota ja, cikin sababbin nan masu sauƙin kuɗi, waɗanda bayansu yake a gutsure, ba doguwar but ta zuba kaya.

"Ni dai ta yi mini kyau," in ji Ummukulsum. "Ya huta da dukan ruwan sama a kan babur."

"Ke rufe mana baki! Mi kika sani ga mota?"

Khalifa dillalin motoci ne, kuma shi ne uban majalisar samarin bakin tasha, inda ba a hirar komai sai ta inji da taya. Tun da motar ta shigo gari majalisa ta rabu biyu. Su Nafi'u suna cewa sabuwa ce dal, ba ta shan mai, ga sanyin esi kamar firji. Su Bala kuwa cewa suke injin silinda uku ai na niƙa ne, kuma ramin farko a hanyar Anka zai kwashe mata ciki. Wasu har bidiyo suka yi mata suna ta turawa a Wasap.

"Ba a kai ƙanwata ɗaki cikin wanga gwangwani," Khalifa ya ce yana buga ƙirji. "Ko ya musanya ta da babbar jif, ko a ɗaga biki!"

Jikin Inna ya yi sanyi. Bara da aka kai Zulai, ɗiyar ƙanwarta, gidan miji a Anka, manyan motoci aka jera, har yau mata na zancen. Ta dubi 'yarta ta ce, "Gaskiyar yayanki ce. Ba ni iya jin bakin dangi."

Ranar Juma'a da la'asar Zayyad ya zo zance a ƙasa, takalmansa duk ƙura.

"Ina motar?" Ummukulsum ta tambaya tun kafin ya zauna.

Ya sunkuyar da kai. "Na bar ta bayan masallaci. Ummu, na gaji da dariya. Yaya Khalifa ya samo mini wata jif tokumbo, za mu yi musanye, kowa ya huta."

"Kana son jif ɗin?"

"A'a, amma..."

"To saurara! Da guminka ka sayi motar nan, ba ka roƙi kowa ba. In yau ka ba da ita don 'yan bakin tasha sun yi dariya, gobe in suka yi dariyata fa? Ni ma musanya ni za ka yi?"

"Haba Ummu! Subhanallahi!"

"Je ka ɗauko ta, ka ajiye ta nan ƙofar gidanmu, kowa ya gani. A cikinta za a kai ni, ko kuma a bar ni ɗakin Inna!"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe. Ba a jima ba aka ji hon a ƙofar gida, 'yan unguwa suka leƙo.

Abin ya yi wa Khalifa zafi. Ya zage Ummukulsum tas, ya ce ta zubar masa da girma a gari. Inna ta daina amsa gaisuwarta. Ummukulsum takan shige ɗaki ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ɗora tukunya. Ba ta mayar wa kowa baƙar magana ba, amma kuma ba ta janye ba.

Da mahaifinsu Malam Ɗanjuma ya dawo daga fataucin hatsi, ya tara su a zaure ya ji ta bakin kowa. Sai ya juya ga Khalifa.

"Ita jif ɗin, ta wa ce?"

Khalifa ya hau sosa ƙeya. "Tawa ce, Baba. Ta daɗe ba ta samu mai saye ba."

"Awo! Wato kayanka da suka ƙi fita za ka ɗora wa mijin ƙanwarka, ka kira shi mutuncin gida?" Ya dubi Inna. "Ke kuma, da aka kawo ki gidan ga, bayan akori-kura aka ɗauko ki. Mi ya ragu gare ki?"

Inna ta fashe da kuka, ta jawo 'yarta ta rungume. "Yafe mini, ɗiyata. Tsoron bakin mutane ya rufe mini ido."

Ranar kai amarya, 'yar jar motar ce a gaba, an yi mata ado da furanni, Nafi'u a sitiyari. Da suka zo bakin tasha su Bala suka sa ihu. Ummukulsum ta ce a sauke gilashi, a kuma tafi a hankali, don kowa ya ƙare kallonsa. Khalifa bai ce ya yi kuskure ba, kuma har gobe majalisarsu na musu a kan motar. Amma shi ne ya ɗauki akwatin ƙanwarsa a ka ya shigar mata ɗaki.

'Yan'uwana matasa, masu dariya ba su za su zauna muku a gidan aure ba. Ku riƙe halal ɗinku komai ƙanƙantarsa, ku tsaya a kan gaskiya cikin ladabi da haƙuri, Allah ba zai bar ku ku kunyata ba.