Abin da Baba Mode Bai Faɗa da Hausa Ba

"Sake, Mahbuba. Daga farko."

"Je parlais, tu parlais, il... il..." Ta rufe littafin da ƙarfi. "Wallahi na gaji, Lukman! Mi zan yi da shi?"

Lukman ya yi murmushi. Malamin Faransanci ne a wata sakandare a Goronyo, kuma saura wata biyu a ɗaura musu aure, da an gama ɗibar albasa. Duk Asabar bayan la'asar yakan taso a babur har Wurno, ya zauna a zauren gidansu yana shirya ta don jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Samarin duniya na kai wa 'yan matansu turare, shi kuwa bawan Allah jerin aikatau yake zuwa da shi a jaka.

"Haba sanyin idona, wanga ai shi ne mai sauƙi. Abin da mutum ya saba yi a da, shi ke nan. Makon jiya kin kawo shi ba gargada."

"Ba karatun ba ne..."

"To mi ne ne?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. "A ɗaga bikin ga. Ko ma a bar shi."

Sai da alƙalami ya faɗi daga hannunsa.

"Mahbuba! Wani laihi niy yi?"

"Ba ka yi komi ba, masoyina. Allah ya sani ina son ka. Amma dubi Baba."

Lukman ya sani. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyarta, bara kuma idanun mahaifinta Baba Mode suka rufe gaba ɗaya. Ƙanenta Sale yana can Legas, sai dai waya.

"In na tahi Goronyo wa ka ba shi ruwan alwala? Wa ka kama sandarshi zuwa masallaci?"

"Kin yi zancen da shi?"

Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ni? Ɗiyar fari nike. Tun da anka haihe ni bai taɓa kiran sunana ba, sai 'ke', sai 'yarinyar ga'. Ban ma san ko ya damu in zauna ko in tahi ba... amma ba ni iya barin shi."

Hawaye suka zubo mata.

Can sai ga ƙarar sanda, ƙwas, ƙwas, daga cikin gida. Ashe sun manta ɗakin tsohon bango ɗaya ne da zauren.

"Il parlait," in ji wata murya mai kauri. "Nous parlions."

Lukman ya yi wuf ya sauka daga tabarma ya tsuguna, har hularsa na neman faɗuwa. Suruki ne fa! Tun da aka sa rana, in ya hango Baba Mode a hanya sake kwana yake yi.

Tsohon ya laluba bango ya zauna. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan motar albasa zuwa Kwatano da Abijan, a can ya tsinci Faransancinsa, a tasha da bakin iyaka. Mahbuba ba ta taɓa jin ya furta ko kalma ɗaya a gida ba.

"Malam," ya ce, "da Hausa ba ni iya zance da kai, akwai kunya tsakaninmu. Amma harshen hanya ba ruwanshi da surukuta. Yarinyar ga ta shige gida ko?"

Bai jira amsa ba. Yana jin numfashinta sarai.

Ya fara magana da Faransanci a hankali, yana fuskantar Lukman. Da yawa ya wuce Mahbuba, amma wasu kalmomin sai ta ji sun faɗo mata kamar tsofaffin ƙawaye, su ne dai waɗanda take ta rerawa duk Asabar har ta gundura.

"Elle attendait..." Takan jira. A ƙofar gidan nan, duk ranar da aka ce motarsa na hanya.

"Elle courait..." Takan sheƙo da gudu, shi kuwa ya kau da kai saboda idon mutane, ya miƙa wa 'ya'yan maƙwabta tsaraba.

"Je la portais, quand personne ne regardait." Yakan ɗauke ta in ba mai kallo.

"Je l'aimais. Je ne disais rien."

Yana son ta, bai dai faɗa ba. Mahbuba ta toshe bakinta da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Lukman kansa na ƙasa, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Baba Mode ya gyara murya ya koma Hausa, da ɗan faɗa-faɗa, kamar ba shi ne ya gama maganar nan ba.

"Ƙanwata Mashkura ta Maikujera ta hita takaba, na aika mata ta dawo gidan ga. Ba a ɗaga komi, Malam. Idona ya tahi, ba ni yarda ya tahi da auren wani. Ka riƙe min ita da amana."

"In sha Allahu, Baba... in sha Allahu," Lukman ya ce da ƙyar.

Mahbuba ta matso da gwiwoyinta ta kifa kanta a ƙafar mahaifinta, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar mitsitsiya. Tsohon ya sandare. Hannunsa ya tsaya a sama, sannan a hankali ya sauka a kanta.

"Baba," ta ce cikin shessheƙa, "Gwaggo ba ta san yadda kake son kununka ba..."

"Ke ma ba ki sani ba," ya ce. "Shekara ukku kina cika mishi tsamiya, ina shanyewa."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci ɗaya. Shi kuwa ya juya fuskarsa bango, amma bai ɗauke hannun ba.