Dutsen Dungula

Baraka mai waina ta biyo ta Sudan zuwa Makka, jakinta ɗauke da dutsen da ta ɓamɓaro a kangon wata tsohuwar majami'ar Kirista a Dungula. Shi ta mayar dutsen niƙa, da shi take ciyar da 'ya'yanta a unguwar Mansur ta Makka.

Wata magariba tana niƙa, ƙamshin lubban ya cika lungun. Wani dogo ya tsaya a kanta, ko sallama babu.

"Hajiya, dutsen bagadin majami'armu ne. Tun da kika ɗauke shi ba mu yi ibada ba."

"Wallahi ba ka isa ba! Dutsen nan ya yi hajji, ba ya komawa."

Ta danne dutsen da gwiwa, ta ɗaga fitila. Fuskar mutumin a shafe take kamar zanen bangon majami'ar nan, kumatunsa na zubar da farar ƙasa cikin ƙullunta.