Lodin Da Ba A Gani

Da almuru a-kori-kurar ta sake ƙin hawa tudun gidan. Tsohuwar motar marigayi mahaifin su Hjalti ce, tan ɗaya take ɗauka, kuma shekara ashirin ba ta taɓa yi wa tudun nan gardama ba. Hjalti ya dawo giya ta ɗaya, ya taka totur har ƙasa, injin yana gurnani kamar an shaƙe shi. Bayanta kuwa wayam, sai igiya da bokiti.

Shekara tara Hjalti yana gyaran injin jiragen ruwa a Norway. Yayansa Ketill ne ya kira shi: mota ta gaza, ga lokacin sauko da tumaki daga duwatsu, ya zo sati biyu kawai.

Ya canza matatar mai. Ya duba kuloci, ya kwance birki ko yana riƙewa. Komai lafiya. Sai da ya kwanta a ƙarƙashi ya ga sifirin baya ya miƙe ɗoɗar, tayoyin sun baje, kamar an ɗora mata tan biyu.

"Me ka ɗora mata?" ya tambaya.

"Kai ne bakaniken ƙasar waje," in ji Ketill, idonsa a kofin kofi. "Mu masu warin tumaki me muka sani?"

A yammacin nan aka fara jifan kwanon rufin. Dutse ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wani. Da suka fita, suka tarar da ƙanwarsu Sunneva zaune a bayan motar, ta takure a kusurwa, tana matsawa kamar mai ba wasu wuri. Daga nan har kwana uku ba ta sauko ba, ba ta ci ba.

Hjalti ya tsallaka kogi ya ɗauko tsohuwa Valdís, wadda masu gyaran hanya ke tambaya kafin su fasa dutse. Ta ajiye kwanon madara a bodin motar, ta daɗe tsaye, iska na kaɗa ɗankwalinta.

"Wa ke nan?" ta ce.

Bakin Sunneva ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito. "Maƙwabta. Mutanen ɓoye na dutsen bayan garke, wanda kakan yaran nan ya hana a yanki ciyawarsa."

"Me ya hau da ku motar mutane?"

"Babban ɗan gidan ya fasa mana gida da bazara. Lodi shida ya kai tashar jiragen ruwa, aka zuba a teku. Mu talatin da biyu muka biyo duwatsunmu, muka rasa wurin sauka."

"Yarinyar ba ta fasa komai ba. Ku sake ta, ga tsohon garken tumaki da aka gina da dutse, ku zauna."

"Mun karɓa. Amma ɗan gida ɗaya zai tsare mu, ba zai kwana ko'ina ba sai nan."

"Har abada? Ya yi yawa."

"Shekara ashirin, to. Mun gaya wa babban tun bazara, ta bakin yarinyar nan. Ya ce mu jira, yana da ƙane, zai kawo mana shi."

Hjalti ya juya. Ketill yana kallon takalminsa.

"Sati biyu ka ce, Yaya."

"Kai ka ga duniya," in ji Ketill a hankali. "Ni ban taɓa wuce birni ba."

"To kai ka amsa musu, ai kai ka fasa."

Ketill bai ɗago ba. Leɓɓan Sunneva sun bushe sun tsage, numfashinta yana fita da ƙyar.

"Ɗana, ba ta da wani kwana uku," in ji Valdís.

"Zan zauna," in ji Hjalti.

Sifirin ya yi ƙara. Bayan motar ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan, kamar ana sauka ɗaya bayan ɗaya, har ya koma yadda yake. Sunneva ta dubi hannayenta, ta ce tana jin yunwa.

Washegari Ketill ya bi bas ɗin safe, da jakar da ya daɗe da haɗawa.

Motar yanzu tana hawa tudu da giya ta uku. Hjalti ya gwada ta sau huɗu da jakarsa a kujera. Da zarar ya kai ƙofar gona, inda babbar hanya ta fara, sai bayanta ya zauna, injin ya shaƙe. In ya juya kan motar gida, sai ta tafi sakayau.